Yaron da Mama Ba Ta Kiran Sunansa

Shafi na 19

Masu turo min saƙo cewa na cika sa Bara'atu kuka, ku yi haƙuri, yau ma ban zo muku da dariya ba. Ke kuma baiwar Allah da kika ce in mayar da ciwon Fakhruddeen na aljanu, a yi masa ruƙiyya ya miƙe kowa ya huta, wallahi da haka ciwon nan yake da ni ma na huta.

*

Keke ba ya shiga lungun gidansu na Ƙofar Wambai, sai an taka. Bara'atu ta sauko da ƙyar saboda cikinta na wata biyar, ta juya ta miƙa wa ɗanta hannu.

"Zo in goya ka, Fakhru."

"Zan iya, Ummi."

"Lungun da nisa fa."

"Ai ƙanwata za ki danne."

Ita ce ta koya masa cewa ƙanwa, alhali ba ta san abin da ke cikin ba. Jiya ma da aka yi mata hoto ta roƙi mai hoton kar ya faɗa mata.

Fakhruddeen ya kama bango ya fara tafiyar nan tasa: a kan 'yan yatsu, ciki a gaba, kafaɗu a baya, yana rangaji dama da hagu. Shekararsa takwas. Sharaɓarsa manya ne har mutane na tsokanarsa da ɗan ƙwallo, ba su san babu ƙarfi a cikinsu ba ko kaɗan. Dakta Phoebe ta yi musu bayani tun bara. Ciwo ne da ke cin naman jiki a hankali, maza yake kamawa, kuma yawanci ta jinin uwa yake biyowa. Uwar ita lafiyarta ƙalau, amma duk namijin da ta haifa, rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira.

Mama Azumi na tsakar gida tana tsince wake a faifai. Tana ganin jikanta fuskarta ta washe.

"A'a, angona ne da tsakar rana? Ina cefanen? Haka ake miji hannu na dukan cinya?"

"Ni na sake ki, kin tsufa," in ji Fakhruddeen yana haki.

"Ka ji min ja'iri!"

Ta ɗago don ta yi dariya da 'yarta, sai dariyar ta tsaya mata a wuya. Bara'atu ko gaisuwa ba ta yi ba, abin da ba ta taɓa yi ba tunda aka haife ta.

"Fakhru, zauna a zaure, ga wayata ka yi wasa. Kar ka shigo sai na kira ka."

Sai da ta zaunar da shi a kan dakalin zaure ta dawo. Ta wuce ɗakin Mama kai tsaye, ta tsaya a tsakiya ko mayafi ba ta cire ba. Mama ta biyo ta tana goge hannu a zani.

"Lafiya? Ke da Naziru ne?"

"Mama, wane ne Dalha?"

Na rantse muku da za a tsaga jikin Mama a lokacin nan ba za a sami jini ba. Ta nemi bakin gado ta zauna, ta shiga gyara zanin gadon da ba abin da ya same shi.

"Ban gane ba."

"Dalha na Tirwun."

"Wa ya ce ki fito cikin ranar nan da tsohon ciki?"

"Cikina bai tsufa ba. Wane ne Dalha?"

"Ki rage murya."

"Baba Roda ce ta zo gidana da safen nan."

Baba Roda ba baƙuwa ba ce a gidan. Tsohuwa ce 'yar ƙasar Tafawa Balewa, mazauniyar Tirwun. Tun Bara'atu na ƙarama take kawo wa Mama acca duk Kirsimeti, Mama kuma ta aika mata naman layya. Ba wanda ya taɓa tambayar inda suka san juna. Yau ta zo biki Gwallameji, ta ce bari ta leƙa 'yar ƙawarta, rabonta da ganin Fakhruddeen tun yana goye.

"Tana zaune a falona Fakhru ya faɗi," in ji Bara'atu. "Kin san yadda yake tashi. Ya kifa ciki, ya dafa ƙasa, ya kama gwiwarsa, ya kama cinyarsa, yana hawa jikinsa da hannu har ya miƙe. Mama, kofin ruwan da ke hannun matar nan sai da ya faɗi. Ta ɗora hannu a ka tana cewa, 'Yesu! Wannan ai Dalha ne ya dawo!' Na ce wane Dalha? Ta ce da irin Hausar nan tata, 'Dalha mana, yayanka! Yaron mamanka na Tirwun. Ni ne nake masa wanka da kakansa ya tsufa. Mamanka bai gaya maka ba?'"

Mama ta kau da kai ta kalli bango.

"Roda ta fara ruɗewa."

"Da ta ga ban sani ba ta fi ni ruɗewa. Kuka ta yi ta yi tana ba ni haƙuri. Ta ce a wajensu ba a ɓoye wa yaro ɗan'uwansa, shi ya sa ba ta taɓa kawowa a ranta cewa ban sani ba."

"To su ke nan. Kowa da al'adarsa."

"Ke nan gaskiya ne."

Mama ta ci gaba da kallon bango.

"Mama, gaskiya ne?"

"Ke yanzu a gabana za ki tsaya kina min tambayar ɗan fari? Don ke ba ki da ta ido, kina ƙwala wa naki kira Fakhru, Fakhru, a gaban surukai, shi ke nan kowa ma ya zubar da tasa kunyar?"

Bara'atu ta yi wata irin dariya marar daɗin ji.

"Ɗan fari. Ashe ba Yaya Saude ce 'yar farinki ba. Shi ya sa kike kiran sunanta gatsal. Ni kuma wawiya ina cewa Mamanmu wayayya ce."

Sai a lokacin ta zauna, a ƙasa, ta jingina da ƙofa.

"Yaron nan ne ko? Na ɗakin ƙurya."

Mama ta sunkuyar da kai.

"Duk sallah sai ki ce mu je Tirwun gaida tsohuwa. Ban taɓa sanin me muka haɗa da tsohuwar ba. Ki zauna a bakin ƙofa kin juya wa ɗakin nan baya, ki zuba tuwo da nama a kwano ki ce, 'Bara'atu, kai wa yaron can.' Yaron can. Ni ban fi shekara bakwai ba. In shiga in same shi a jingine da buhun dawa, an tokare shi da filo. Hannunsa ba ya kai loma baki sai ya sunkuyo da kansa. Yana ce min 'yar ƙanwata, ni ina jin tsoronsa, in ajiye kwanon in ruga."

Muryarta ta karye.

"Ashe da gaske yake. Ashe ba wasa yake min ba."

"Shan inna ne," Mama ta ce a hankali. "Haka aka ce. Kowa a Tirwun haka ya ce."

"Shan inna ba ya barin yaro ya yi gudunsa sannan ya riƙa karɓe ƙafar kaɗan-kaɗan. Kin sani."

"A lokacin wa ya sani? Wane likita muka gani? Ni ina da shekara nawa ma? Auren fari ne, bai yi ƙarko ba. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke abinta, kamar yadda ake yi. Na fito, na auri babanku. Allah Ya ji ƙansa, bai taɓa hana ni zuwa ba, bai kuma taɓa tayar min da maganar ba."

"Wannan duk na ji. Ban zo tuhumarki a kan abin da ya wuce kafin a haife ni ba. Bara nake tambaya."

Mama ta runtse ido.

"Bara, a ɗakin nan, a kan gadon nan da kike zaune. Na dawo daga asibiti na ce miki, Mama, likita ta ce in tambaya, a danginki akwai namijin da ya taɓa irin wannan ciwon? Me kika ce min?"

"Na ce cikin 'yan'uwana maza babu. Kuma babu. Kawunnanki ga su nan garau."

"Na ce cikin waɗanda kika haifa fa?"

"Wace uwa ce ke zama tana ƙirga 'ya'yanta?"

"Kika ce, 'Ke ba ki san 'yan ɗakinku ba? Ba ku uku ba ne mata?'"

"To ƙarya na yi? A gidan nan ba ku uku ba ne?"

"Mama!"

Ihun sai da ya sa kajin tsakar gida suka watse. Daga zaure suka ji muryar Fakhruddeen.

"Ummi, kin kira ni?"

"A'a, yi wasanka."

Ta jira har ta ji ƙarar wasan wayar ta ci gaba, sannan ta matso kusa da ƙafafun uwarta, ta mayar da muryarta ƙasa. Ni dai da ihun ta ci gaba da yi da ya fi sauƙin ji.

"Bari in gaya miki abin da amsarki ta jawo, don na ga kamar ba ki sani ba. Na koma na ce wa Dakta Phoebe babu, uwata mata zalla ta haifa. Ta ce to, wani lokacin ciwon kan fara ne daga kan yaron shi kaɗai, ba daga uwa ba. Amma ta ce kar mu dogara da haka, a ɗebi jinina a aika gwaji mai nisa kafin in sake ɗaukar ciki. Muna fitowa Abban Fakhru ya ce, 'Kin ji ko? Tunda babu a danginku, ƙaddara ce ta faɗo a kansa shi kaɗai. Gwajin me kuma?' Ni ma na yarda, don ina son in yarda. Na ce ai uwata ba za ta ɓoye min ba."

Ta kama hannun Mama ta ɗora a kan cikinta da ƙarfi.

"Ga shi nan. Taɓa ki ji. Da maganarki na ɗauke shi."

Mama ta yi ƙoƙarin janye hannun, Bara'atu ta riƙe.

"Da kin ce min e, kalma ɗaya, da na tsaya. Da na yi gwajin. Ko da zan sake haihuwa, da na shiga da idona a buɗe. Yanzu in namiji ne fa?"

"Mace ce in sha Allahu."

"Kin shiga kin gani?"

"Ina roƙo. Ba dare ba rana ina roƙo."

Bara'atu ta saki hannun. Idonta ya sauka a kan jakar da ke saman sif, wadda Mama ke tara mata kayan jarirai tun cikin na wata biyu. Ta miƙe ta sauko da ita ta zazzage a kan gado. 'Yan riguna masu fure, ɗan kunne na jarirai, kwalli, ribbon gashi. Ko hular namiji ɗaya babu.

"Wayyo ni," ta ce. "Ina ta yi miki tsiya wai kin ƙagu ki sami kishiya a wajen angonki. Ashe kin sani. Ba yau kika sani ba."

Nan ne Mama ta kasa. Tsohuwar da ko ranar rasuwar mijinta ba wanda ya ga hawayenta, ta zame daga bakin gado ta zauna daɓas a ƙasa.

"Wallahi da farko ban sani ba. Ki yarda da ni a wannan. Da ciwon ya kama wancan, cewa aka yi daga gidan ubansa ne, wai akwai wani kakansu da ya taɓa gurguncewa. Ni ma na ɗauka haka ne. Ɗa ai na uba ne, jinin uba ne. Na ce ku ubanku daban, gidanku daban, ba abin da ya haɗa ku. Na aurar da ku hankalina kwance."

"Sai yaushe?"

"Sai ranar da naki ya faɗi a bakin rijiyar can, yana ɗan shekara huɗu. Kina ɗaki kina sallah. Na ce tashi mana angona. Ya kifa ciki. Ya dafa ƙasa. Ya kama gwiwa."

Ta toshe bakinta da gefen zani.

"Na shiga banɗaki na yi ta amai. Na ce ya Rabbi, wancan ubansa mutumin Tirwun, wannan ubansa mutumin Azare, ko a hanya ba su taɓa haɗuwa ba. Me ya haɗa yaran nan biyu? Na duba, na duba, ban ga kowa a tsakaninsu ba sai ni."

Bara'atu na kuka, amma ba ta matsa ta rarrashe ta ba.

"Shekara huɗu ke nan, Mama. Kina kallona ina yawon masu magani. Wannan ya ce sammu, wancan ya ce ya taka sawun aljani. Ke da kanki kika raka ni wajen mai tsaga aka yi wa yaron nan tsaga a sharaɓa yana ihu."

"Na ce ko Allah zai sa a dace."

"An yi wa Dalha?"

Mama ta gyaɗa kai.

"An dace?"

Ta girgiza kai.

"Amma kika riƙe min ƙafarsa aka tsaga."

"Me kike so in yi? In buɗe baki in ce miki na san ƙarshen hanyar nan? Gani nake in na furta ya tabbata. Kuma bakina bai saba ba, Bara'atu. Tunda na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. Ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. In yana kuka sai na faki ido nake ba shi nono. Haka aka tarbiyyantar da mu, ana yaba mana, ana cewa Azumi akwai kara. Da kika zo kina tambayata, maganar ta zo nan," ta nuna maƙogwaronta, "ta ƙi wucewa."

"Kara," in ji Bara'atu. "Karar taki ga ta can a zaure ba ta iya hawa dakali."

Magana ce mai zafi, kuma ta san da zafi ta faɗe ta. Ni ban ga laifinta ba, duk da Mama ma tausayi take ba ni.

A waje mai gwanjo na wucewa yana kiran kaya. Bara'atu ta share fuska da mayafi, ta tattaro abin da ya rage mata na ƙarfi, don akwai tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi. Ta sha yi wa Dakta Phoebe ita, likitar takan ce kowane yaro da yadda nasa yake tafiya, yanzu kuma akwai magunguna da kulawar da ke ƙara lokaci.

"Yana da shekara nawa ya daina tafiya?"

"Bar wannan."

"Nawa?"

"Wajen goma. Ko sha ɗaya."

Bara'atu ta kalli ƙofa, wajen zaure. Takwas da goma ba nisa.

"Ya rasu yana da nawa?"

"Bara'atu, don girman Allah."

"Kin hana ni sanin yayana yana raye. Ba za ki hana ni sanin wannan ba."

"Bai kai ashirin ba."

"Me ya kashe shi?"

"Ajali."

"Mama."

"Numfashi ne. Tari ya kama shi da damina, ba shi da ƙarfin da zai yi tarin ma. Roda ta ce a zaune yake kwana, in an kwantar da shi sai ya shiɗe." Ta ja majina. "Ya aiko ta. Ya ce a ce wa Azumi ta zo. Haka yake kirana, Azumi, kamar wata yayarsa. Na ce sai an kwana biyu, kar a ce na yi rawar jiki a kan ɗan fari. Ranar da na shirya zuwa, ina ɗaura ɗankwali, Roda ta yi sallama a zauren nan. Ina ganin fuskarta na koma na ɗauki taɓarya. Gero na daka ranar, har hannuna ya fashe. Ke kina gefena kina cin gyaɗa. Mata na shigowa suna cewa kai, Azumi akwai dauriya."

Ta dafe ƙirji, ta buɗe baki kamar mai shirin yin amai, sai ga sunan ya fito, a shaƙe.

"Dalhatu. Dalhatu na. Wayyo Dalhatu!"

Bara'atu ba ta san lokacin da ta rarrafa ta rungume ta ba. Suka haɗa kai suna kuka, kowacce na toshe bakin 'yar'uwarta don kar yaron ya ji. Fushin bai tafi ba, yana nan daram, amma uwa uwa ce.

Mama ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta riƙe fuskar 'yarta da hannu biyu.

"Roda ta faɗa a gaban wani?"

"Daga ni sai ita."

"To ki rufa min asiri, ki rufa wa kanki. Kar Naziru ya ji."

Bara'atu ta janye jikinta a hankali.

"Me kika ce?"

"Ki saurare ni. Yanzu yana ganin ƙaddara ce, yana ɗaukar yaron a kafaɗa, yana kai shi makaranta. Ranar da ya ji daga jininki ne, ko shi bai canza ba danginsa za su canza shi. Ki bari ki haihu tukuna. In mace ce shi ke nan, Allah Ya rufa asiri."

"In mace ce ita ma tana iya ɗauka ta kai gidan wani, kamar yadda na kai. Sai ni ma in yi mata shiru ko? In ta tambaye ni in ce ba ku biyu ba ne a gidan nan?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Yaya Saude fa, da 'yan matanta? Ƙanwata Nusaiba fa, da ko shekara ba ta yi da aure ba? Duk mu zauna kowacce ta gano nata a bakin rijiya?"

"Za a faɗa musu. A hankali. Amma ban da mijinki, ban da yanzu. Ina roƙonki da nonon da kika sha."

"Mutumin nan a kan maganata ya ce a bar gwaji. Cewa zai yi na sani na ɓoye."

"Shi ya sa na ce ki yi shiru!"

Ƙarar mashin ta tsaya a ƙofar gida. Dukansu biyu suka san ƙarar.

Bara'atu ta daskare. Ta manta ta tura masa saƙo a keke cewa tana gidan Mama, in ya tashi aiki ya biyo ya ɗauke su. Ko la'asar ba a kira ba, me ya fito da shi yanzu?

Suka ji sallamarsa a zaure, da wata irin murya mai cike da fara'a wadda rabon Bara'atu da jin ta tun kafin a gano ciwon. Suka ji yana cewa, "Babban mutum, kai kaɗai aka bari a nan? Zo ka ji wata magana a kunnenka." Sai ihun Fakhruddeen.

Mama ta yi wuf ta tura kayan jariran bayan filo, ta goge fuska, ta ja mayafi. Hannunta ɗaya ta ƙarƙashin zani ya kamo idon sawun Bara'atu ya matse.

Naziru ya shigo tsakar gida ɗauke da yaron a kafaɗa, leda cike da tsire a ɗaya hannun. Ya durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda ya saba, kansa a ƙasa, yana ta murmushi shi kaɗai.

"Mama, barka da gida. A yi min afuwa, na kasa haƙuri ne. Ita ta ce ba ta son ji, ni kuwa tun jiya ban yi barci ba. Na bar ofis na koma wajen mai hoton nan na matsa masa. Ni dai ba zan faɗa da bakina a gabanki ba, ga ɗan aike nan."

"Ummi!" Fakhruddeen na dukan kan babansa don murna. "Ba ƙanwa ba ce! Abba ya ce ƙani ne! Namiji!"

Ba wadda ta motsa a cikinsu.

"Ummi, kin ji? Abba ya ce in ya girma shi zai riƙa ɗaga ni in na faɗi. Kin ga kin huta!"

Sai a lokacin Naziru ya ɗago kai. Ya kalli idon matarsa da suka kumbura, ya kalli surukarsa a zaune a ƙasa, ɗankwali a karkace. Murmushin ya bar fuskarsa. Ya sauke yaron a hankali ya jingina shi da bango.

"Bara'atu, lafiya? Wa ya rasu?"

Farcen Mama ya nutse a ƙafarta.

Bara'atu ta sunkuya, ta ɓamɓare yatsun uwarta ɗaya bayan ɗaya, ta miƙe tsaye.

"Yayana," ta ce.

Naziru ya ƙura mata ido.

"Wane yayan? Ke da ba ki da ɗan'uwa namiji?"